Mabuɗin ofis a cikin aljihu: yadda ake aiki da VPN na ma'aikata a waya da tablet

Duk sanda na ce wa wani a Damagaram zan sa masa VPN a waya, tambayar da ke biyo baya kusan guda ce: «Wannan da ake shiga intanet da shi kyauta?» Haka samari suka san shi a fada, ana tura shi daga waya zuwa waya ta Xender, yau ya yi aiki, gobe ya mutu. Wanda zan yi magana a kansa daban ne. Na ma'aikata ne, wanda kamfani ko ƙungiya ko banki ke ba ma'aikacinsa don ya shiga kwamfutocin ofis daga inda yake, ko yana Magarya, ko Tanut, ko Gure, ko a zauren gidansa a Garin Malam.

Aikina ke nan shekaru da dama, kula da kwamfutoci da wayoyin wata ma'aikata a nan Zinder mai wakilai a ƙauyuka. Kafin mu kafa VPN, wakili yakan ɗauki hoton shafin lissafi ya turo ta WhatsApp, da sunayen mutane da lambobin wayarsu da kuɗin da kowa ya karɓa, hoton kuma ya zauna a wayarsa tare da hotunan biki. Abin yana damuna ƙwarai, don mutanen da sunansu ke kan takardar ba su san inda ta kai ba. VPN ya rage wannan. Amma ya zo da wani nauyi: mabuɗin da a da yake rataye a wuyan mai gadi, yanzu yana cikin aljihun mutum ashirin. Wannan jagorar ta waɗannan mutum ashirin ce.

Abin da yake yi

Idan ka kunna shi, wayarka tana ƙulla wata keɓantacciyar hanya da uwar garken ma'aikata, wato babbar kwamfutar da ke tsaron ƙofar ofis. Duk abin da ya bi ta hanyar a rufe yake da lambobin sirri. Airtel, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom, ko Niger Telecoms, ko mai wifin otal ɗin da ka sauka a Yamai, suna ganin kaya na wucewa tsakaninka da wani adireshi, suna ganin yawansa, amma ba su iya karanta shi. A can ɓangaren ofis kuwa, wayarka tana bayyana tamkar kana zaune a kan teburinka, sai manhajar lissafi da rumbun takardu su buɗe maka.

Abu biyu ne ba ya yi, kuma gara a san su tun yanzu. Ba ya ƙirƙirar rezo: in babu mega a layinka, ko kana wani kwari tsakanin Tanut da Belbeji inda sanda ɗaya ma ba ta fitowa, VPN ba shi da abin hawa. A ƙarshen Fabrairun 2021, da aka yanke intanet ɗin salula a ƙasar har kusan kwana goma, masu VPN da marasa shi duk zama suka yi. Na biyu, ba ya wanke wayar da ta riga ta kamu. In akwai muguwar manhaja a ciki, VPN zai ma zame mata gada zuwa cikin ofis. Shi ya sa matakin farko ba a kan VPN yake ba, a kan wayar yake.

Matakin farko: gyara wayar

Fara da makullin fuska. Ka shiga «Paramètres», sashen tsaro, ka sa lambar da ba ta gaza alƙaluma shida ba. Zanen nan da ake ja da yatsa ba na son sa, domin a lokacin zafi gumi yana barin sawunsa a kan gilashi, wanda ke gefenka a tasha kuma kallo ɗaya ya ishe shi ya haddace. Kada lambar ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka. Bayan haka ka ƙara zanen yatsa, wato wanda kake ɗora yatsa wayar ta gane ka, in wayar tana da shi, ka kuma rage lokacin da fuskar ke ɗauka kafin ta kulle kanta zuwa daƙiƙa 30 ko minti guda.

Na san al'adarmu. Waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce: yaro ya karɓa ya yi wasa, uwargida ta kira gida, ƙane ya ce «Yaya, ara mini in duba wani abu». Hana su yana da nauyi, kuma ban ce ka zama marowaci ba. Idan ma'aikata ta ba ka waya ko tablet na aiki, wannan kam kada ya fita hannunka, ka ajiye ta gida daban. Idan wayarka ce ta kanka za ka yi aikin da ita, ka tambayi informatisiyan ɗinku, wato mai kula da kwamfutocin ma'aikata, ko za a iya buɗe maka «Profil professionnel». Tsari ne da Android ke da shi tun fitowa ta 5, yana raba wayar gida biyu. Manhajojin aiki suna fitowa da ɗan tambarin jaka a jikinsu, ana iya sa musu tasu lambar sirri, VPN ɗin kuma ya tsaya a ɓangarensu kaɗai. Ma'aikata na iya goge ɓangaren aiki daga nesa ba tare da ta taɓa hotunan iyalinka ba. Wasu ƙananan wayoyi masu Android Go ba sa ɗaukar wannan tsarin, sai a gwada a gani.

Sai sabuntawa. Ka nemi wifi mai ƙarfi, a ofis ya fi, ka sabunta wayar har ta ce babu saura. Wayar da ta shekara uku ko huɗu ba ta sami gyaran tsaro ba, ra'ayina kada a sa mata mabuɗin ofis, ko da tana aiki sumul.

Daga nan ka yi shara. Duk VPN na kyauta da ke ciki ka cire shi. Dalili na farko na aiki ne: Android ba ya barin VPN biyu su yi aiki lokaci guda a ɓangare ɗaya, kunna wannan yana kashe wancan. Dalili na biyu ya fi nauyi. A 2016 masu bincike, cikinsu da na cibiyar CSIRO ta Ostareliya, sun binciki manhajojin VPN 283 na Android, suka tarar kusan kashi 38 cikin ɗari suna da alamun muguwar manhaja, kashi 18 kuma ba sa rufe bayanan ko kaɗan. Haka nan ka cire GB WhatsApp da ire-irensa, da duk wata manhaja da aka turo maka ba daga Play Store ba.

Abu na ƙarshe ƙarami ne amma ya sha ɓata mana yini: agogo. Ka shiga wurin kwanan wata da lokaci ka bar wayar ta riƙa ɗauka daga rezo da kanta. Wasu suna tura agogonsu gaba da minti biyar don kada su makara salla ko aiki. Niyya ce mai kyau, amma lambobin tantancewa da za mu zo kansu da lokaci suke tafiya, minti biyu ma sun isa su hana ka shiga.

Mataki na biyu: tambayoyi huɗu

Kafin ka karɓi komai, ka zauna da informatisiyan ku fahimci juna. Wace manhaja ma'aikatar ke amfani da ita, kuma wa ya wallafa ta? Ka rubuta sunan daidai, domin Play Store cike yake da masu kama da juna. Wace lamba za ka kira in wayar ta ɓace da dare ko ranar Lahadi? Akwai tantancewa ta biyu bayan kalmar sirri?

Ta huɗun ita mutane ke jin nauyin yi, alhali haƙƙinsu ce: duk abin da nake yi a wayar ne zai bi ta ofis, ko na aiki kaɗai? Tsari biyu ne. A na farko, komai yana bi ta uwar garke, har Facebook da TikTok. A nan ma'aikata ba ta iya karanta saƙonka na WhatsApp, don shi ma a rufe yake, amma tana iya ganin sunayen shafukan da ka ziyarta da lokacin da ka ziyarce su. A na biyu, abin da ya shafi ofis ne kawai ke shiga hanyar, sauran ya bi rezo yadda ya saba. Ni na fi son na biyu ga wayar mutum ta kansa. Ya fi sauri, ya fi sauƙi ga layin ofis, kuma ba na son a ɗora mini sanin abin da abokan aikina ke kallo da dare. Wayar ma'aikata kuwa, a bi da komai ta ciki, amma a faɗa wa mai riƙe da ita ƙarara.

Mataki na uku: girkawa

Ƙananan ma'aikatu da yawa sun koma wani nau'in VPN mai suna WireGuard, mu ma shi muke amfani da shi, don haka zan fi daɗewa a kansa. Wani mai suna Jason Donenfeld ne ya ƙirƙire shi, a 2020 aka shigar da shi cikin zuciyar Linux, tsarin da ke tafiyar da manyan kwamfutoci da yawa. Ba shi da nauyi, ba ya cin baturi sosai, kuma abin da ya fi dacewa da mu: in ka sauya daga wannan sim zuwa wancan, ko daga wifi zuwa mega, yana ci gaba ba sai ka sake shiga ba.

Ka sauke shi daga Play Store ko App Store. Tambarinsa jan fage ne da farin dodo a murɗe. Ka buɗe, ka taɓa alamar ƙari. Zai ba ka zaɓi uku: ɗauko fayil, ɗaukar lambar QR da kamara, ko rubutawa da hannu. Ka zaɓi QR. Informatisiyan zai nuna maka lambar a fuskar kwamfutarsa, ka ɗauka, ka raɗa wa hanyar suna, misali «ofis». Android zai fito da saƙon «Demande de connexion», ka amince. iPhone da iPad za su ce «Autoriser», sannan su nemi lambar buɗe wayar. Ka tura maɓallin da ke gaban sunan. A Android ɗan mabuɗi zai fito a saman fuska, a iPhone kuma kalmar VPN, wani lokaci sai ka jawo labulen sama za ka gan ta.

Wannan lambar ta QR ita ce mabuɗin gaba ɗaya. Duk wanda ya ɗauki hotonta ya zama kai a idon uwar garke, babu wata kalmar sirri da za ta tsayar da shi. Wata rana wani dattijo cikin abokan aikinmu, mutumin kirki mai riƙon amana, ya same ni yana murna. Ya ce, «Ɗana, na rage maka aiki. Na ɗauki hoton abin nan na tura wa yaranmu na Matamaye a gurup, kowa ya sa.» Na ce, «Baba, Allah ya saka da alheri, amma yanzu sai mun sauya duka.» Gurup ɗin akwai mutum biyu da suka bar aiki tun bara ba a fitar da su ba. Laifina ne da ban yi masa bayani ba tun farko. A ranar na kashe mabuɗin, na yi wa kowa nasa. Ƙa'idar ita ce kowace na'ura da nata mabuɗin: wayarka ɗaya, tablet ɗinka wani daban. Ko don aiki ma dole ne, domin na'ura biyu masu mabuɗi guda suna ta ƙwace hanyar daga juna, kowacce tana yankewa. Idan wakili yana nesa ba zai iya zuwa Zinder ba, gara a nuna masa lambar ta kiran bidiyo a wata wayar ya ɗauka nan take da a tura masa hoto ya zauna a cikin gidan hotuna.

Idan OpenVPN ne, wanda ya fi tsufa, tun 2001 yake, manhajar ita ce OpenVPN Connect. Za a ba ka fayil mai ƙarewa da .ovpn ko adireshin da za ka rubuta, sai sunan shiga da kalmar sirri. Da zarar ka shigar da fayil ɗin, ka koma «Téléchargements» ka goge shi, ka goge shi kuma a inda aka turo maka.

Akwai kuma IKEv2, wanda ba ya bukatar sauke komai. A Android hanyar ita ce «Paramètres», «Réseau et Internet», «VPN», sai alamar ƙari. A Tecno, Infinix da itel wurin yakan ɗan sauya, mafi sauƙi ka rubuta VPN a gurbin nema na «Paramètres». A iPhone: «Réglages», «Général», «VPN et gestion de l'appareil», sai ka ƙara sabon tsari. Ka cika adireshin uwar garke da sunanka da kalmar sirri harafi bayan harafi yadda aka ba ka. Ka lura da allon rubutu, yana son mayar da harafin farko babba ko ya ƙara sarari a ƙarshe.

In wani ya ce ka zaɓi PPTP, ka gaya masa zamaninsa ya wuce. An daɗe da fasa tsaronsa, Apple ya cire shi tun 2016 a iOS 10, sababbin wayoyin Android ma tun daga fitowa ta 12 ba sa ba da damar ƙirƙirar sa. Manyan ma'aikatu kamar bankuna da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa sukan yi amfani da Cisco Secure Client, FortiClient ko GlobalProtect. Waɗannan adireshi ɗaya kake rubutawa, sauran su jagorance ka.

Mataki na huɗu: lamba ta biyu

A watan Mayun 2021 aka gano ɓarayin intanet sun shiga kamfanin Colonial Pipeline na Amurka, mai bututun man da ke ciyar da gabashin ƙasar. Ƙofar da suka bi tsohon asusun VPN ne da ba a rufe ba, kalmar sirrinsa ta fita, kuma babu tantancewa ta biyu a kansa. Bututun ya tsaya kwanaki, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4 ta Amurka. Mu ba mu da bututu, amma muna da albashin mutane da sunayen masu karɓar tallafi.

Ka sauke Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, duk wanda ma'aikata ta zaɓa. Za a nuna maka wata QR ɗin, ka ɗauka. Daga nan manhajar za ta riƙa fito da alƙaluma shida masu sauyawa duk daƙiƙa 30, ka rubuta su bayan kalmar sirri. Ba ta bukatar rezo don ta fito da su, da agogon wayar take lissafi. Wannan ya sa ta fi saƙon SMS a wurinmu, inda saƙo kan yi minti goma a hanya ya iso bayan ya mutu.

Babu informatisiyan na gaskiya da zai kira ka ya ce karanto mini lambar. Wanda ya nema, ko ya ce daga hedikwata a Yamai yake, ka kashe wayar ka kira lambar da ka sani. In kuma saƙon neman amincewa ya faɗo maka alhali ba kai ke ƙoƙarin shiga ba, kada ka amince don ya daina damunka. Alama ce kalmar sirrinka tana hannun wani.

Mataki na biyar: gwaji kafin tafiya

Kada ka gwada a kan wifin ofis, can komai zai buɗe ko VPN bai kama ba. Ka kashe wifi, ka kunna mega, ka kunna VPN, sannan ka buɗe manhajar aiki. Ka kashe VPN ka sake gwadawa: ya kamata ta ƙi. Ka maimaita da ɗaya sim ɗin.

WireGuard yana da wani hali da ke ruɗa mutane. Maɓallinsa na kunnuwa, mabuɗi ya fito a sama, ko da bai sami uwar garke ba. Ka taɓa sunan hanyar ka duba ƙasa, akwai layin da ke nuna lokacin da wayar da uwar garke suka yi musabaha ta ƙarshe da adadin abin da aka aika da wanda aka karɓa. In aikawa na hawa, karɓa kuma na kan sifiri, sallama kake yi a gidan da babu kowa.

Baturi da mega

Yawancinmu Tecno, Infinix ko itel muke riƙe da su, kuma an gina su ne su tattala baturi ta hanyar kashe duk manhajar da ke aiki a bayan fage. Ga mutumin da NIGELEC ta ɗauke wa kuran tun azahar wannan alheri ne, ga VPN kuwa matsala ce: ka kulle fuska minti biyar, ka dawo ka tarar hanyar ta yanke, rahoton da kake turawa ya tsaya a rabi. Maganinsa ka daɗe da yatsa a kan tambarin manhajar, ka shiga bayananta, sashen baturi, ka cire mata takunkumi. In akwai Phone Master a wayar, ka ba ta izinin tashi da kanta, ka kuma daina taɓa tsintsiyar nan mai share komai yayin da kake aiki.

A Android, kusa da sunan VPN ɗin akwai ɗan gargare. Ciki za ka ga «VPN permanent», wanda ke sa ya kunnu da kansa ko bayan an sake tada wayar, da «Bloquer les connexions sans VPN», wanda ke hana komai fita in hanyar ta faɗi. A tablet ɗin ma'aikata ina kunna duka biyun. A wayar mutum ta kansa ba na kunna na biyun, don in wuta ta ɗauke a ofis uwar garke ta mutu, zai wayi gari ko WhatsApp ba ya buɗewa, ya yi ta zargin kamfanin waya. Haka nan a tsarin da aikin ofis kaɗai ke bi ta hanyar, kunna shi yakan toshe sauran manhajoji gaba ɗaya.

Game da mega, ƙarin da VPN ke yi kaɗan ne, ƴan kashi cikin ɗari a kan abin da dama za ka ci, OpenVPN ya ɗan fi WireGuard ci. Abin da ke cinye forfe shi ne bidiyo da sabunta manhajoji, da VPN ko babu.

Wani kuskure da nake yawan gani: mutum ya kunna VPN a waya, ya raba koneksiyon zuwa kwamfutarsa ta hannu, yana zaton ita ma ta shiga. A yawancin wayoyi abin da aka raba ba ya bi ta cikin VPN. Kwamfutar tana bukatar nata, da nata mabuɗin.

Idan ya ƙi

Ka bi a hankali, daga mai sauƙi. Kashe VPN ka buɗe kowane shafi. In bai buɗe ba, matsalar ta rezo ce ko forfe ya ƙare. Wasu forfe na WhatsApp da Facebook ne kaɗai, waɗannan ba sa ɗaukar VPN, sai na intanet gaba ɗaya. In shafin ya buɗe, duba agogo. In agogo daidai yake, kunna yanayin jirgin sama daƙiƙa goma ka kashe, ko ka koma ɗaya sim ɗin.

Wifin otal da na filin jirgi sukan buɗe wani shafi da za ka sa lambar ɗaki ko ka amince da sharuɗɗa. Sai ka wuce wannan shafin kafin ka kunna VPN. Wasu wifin kuma suna toshe ƙofofin da VPN ke bi. WireGuard yakan bi ta 51820, OpenVPN ta 1194. OpenVPN ana iya mayar da shi ta 443, ƙofar da shafukan intanet ke bi, wadda kusan ba a toshe ta. Ka roƙi informatisiyan ya ba ka wannan a matsayin hanya ta biyu tun kafin tafiya.

Masu aiki kudancin jiha, wajen Magarya, Dungas da Ɗan Barto, ku kula da sunan rezo da ke saman fuska. Kusa da iyaka waya takan kama na Najeriya da kanta. Bayan kuɗin da yake ci, wasu ma'aikatu sun tsara ƙofarsu ta ƙi duk wanda ya zo daga adireshin wata ƙasa. Ka shiga zaɓin rezo ka tsayar da naka da hannu. In kuma Kano za ka je da gaske ta Daura, ka sanar tun kana gida a buɗe maka.

Idan an haɗu amma shafuka na buɗewa rabi su tsaya, ko ƙananan saƙo na wucewa manyan fayil na maƙalewa, sau da yawa girman ƙunshin bayanai ne ya fi ƙarfin hanyar. Akwai gurbi mai suna MTU, rage shi zuwa 1280 yakan warware. Ka bar informatisiyan ya faɗa maka kafin ka taɓa. Kuma in za ka kira shi, kada ka tsaya a «ba ya yi». Ka faɗi garin da kake, layin da kake kai, da abin da aka rubuta a fuska. Hoton saƙon kuskuren ya fi dogon bayani, muddin ba shafin da mabuɗin ke ciki ka ɗauka ba.

Caji, gyara, ɓata

A ƙauyen da babu wuta dole a kai waya wurin mai caji, a bar ta cikin wasu talatin a kan tebur. Ka kashe ta gaba ɗaya kafin ka miƙa. Wayar da aka kashe, bayananta a rufe suke har sai an sa lambar. Wanda ke yawan fita daji, ƙaramin baturin ajiya ko ɗan faifan sola ya fi masa kwanciyar hankali, kuma ya kamata ma'aikata ce ta saya.

Mai gyara zai nemi lambar buɗewa don ya gwada fuska ko lasifika, kuma da gaskiyarsa. Kafin ka kai, ka goge hanyar VPN ɗin, ka fita daga manhajojin aiki, ka sanar a dakatar da mabuɗin. In fuskar ta mutu ba ka iya gogewa, kiran ya wadatar, daga ofis ake kashewa. In sayarwa za ka yi a Kasuwar Dole ko ka ba ƙanenka, ka fara mayar da Authenticator sabuwar wayar, ka fitar da asusun Google, sannan ka mayar da tsohuwar yadda ta fito daga kamfani.

Ɓata kuwa, ko faɗuwa ta yi a kan kabu-kabu ko zare ta aka yi a cunkoson kasuwa, abin da nake roƙo ɗaya ne: ka kira a cikin sa'ar. Na ga wanda ya yi kwana uku yana nema a ɓoye don kunya da tsoron a cire masa a albashi. Kashe mabuɗi minti biyu ne a wurina, amma kwana ukun nan ba ni da yadda zan dawo da su. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane, ta 2017 wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, kuma nauyin tsare bayanan yana kan ma'aikatar da ta tara su. Shugabannin ma'aikatu su ma da nasu: in kuna hukunta wanda ya kawo rahoto da wuri, na gaba ba zai kawo ba.

Don haka lambar kiran da ka karɓa a mataki na biyu, kada ta zauna a cikin wayar kaɗai. Ka rubuta ta a takarda ka sa a aljihun da katin shaidarka yake, ka ba uwargida ko maigida kwafi. Bayan an kashe mabuɗin, ka ari waya ka shiga asusunka na Google ko Apple ka ba da umarnin kulle ta ko goge ta daga nesa, ka sauya kalmar sirrin aiki da ta imel, sannan ka je ajans ɗin kamfanin layinka da katin shaida a rufe sim ɗin a ba ka wani da lambarka.